Sunan da Na Rufe da Guntun Takarda

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga 'yata Ummi, mai sunan uwata. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kun sauka Doguwa lafiya ke da maigidanki, Ya tsare ku a hanya da masauki, Ya sa ruwan can ya karɓe ku, Ya haɗa ku da maƙwabta na gari. Mu nan Kiru lafiya lau muke, mahaifiyarki tana gaishe ku.

Ranar da kuka zo sallama gida ya cika da mutane, ban samu kanki ba. Ko da na samu ma ban tabbata zan iya ba, don uba ba ya jin daɗin zayyana wautarsa 'yarsa tana kallon fuskarsa. Tun da kika ce mini a ofishin ma'aikata aka ajiye ki, a teburin da ake karɓar takardu har da na ƙorafi a kan ma'aikatan ƙaramar hukuma, hankalina bai kwanta ba. Na zauna a irin teburin nan shekaru masu yawa kafin in yi ritaya, kuma a kansa na cuci wani bawan Allah ba tare da na yi niyya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne halinki nawa ne sak, son jin ƙwaƙwaf. Kina ƙarama ba a ajiye kwano a rufe a gabanki ya kwana a rufe. Kin tuna ranar da kika kwance mini rediyo don ki ga inda mai karanta labarai yake zaune? Mahaifiyarki ta ce in dake ki, na kasa, don ni ma na daɗe ina son in gani. Halin nan yana da amfani, shi ya kai ki inda kika kai a karatu. Amma a teburin da aka ba ki, shi zai fara neman kayar da ke.

Kin san an yi ta yawo da ni daga wannan sakatariya zuwa waccan a kudancin Kanon nan. A ɗaya daga cikinsu, wata safiya, masinja ya kawo ambulan. Oga ya buɗe, ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa, ya ƙwala mini kira. Da ajami aka rubuta ta, kuma duk ofishin ni kaɗai nake iya karanta ajami ba tare da ina in'ina ba. Kai, Ummi, ban taɓa ganin rubutu mai kyan wannan ba! Tawada baƙa wuluk, layi a miƙe kamar an ja zare, kuma duk inda harafi ya ƙare sai mai rubutun ya ɗan lanƙwasa masa wutsiya sama. Na tsaya kallon rubutun har Oga ya ce, “Malam, karatu na ce ka yi, ba kallo ba.”

Wani malamin allo ne, Malam Idi, daga wani ƙauye. Ya rubuto a kan Garba, malamin asibitin sha-ka-tafi na ƙauyensu. Ya ce duk ranar kasuwa Garba yana kulle asibitin ya yi tafiyarsa, kuma a irin ranar nan aka kawo wata tsohuwa a amalanke, ta wuni a bakin ƙofa, aka mayar da ita gida ba magani. Bai zagi kowa ba, bai ce a kori kowa ba. A ƙarshe ya roƙi abu ɗaya, ya ce don Allah a ɓoye sunansa, saboda Garba ɗan ƙanen dagaci ne, shi kuwa a garin nan yake da gida da gona da makaranta.

Oga ya ce in mayar da ita boko in buga. Ya ɗaga yatsa ya ce, “Maganar nan daga ni sai kai sai fayil.” Na ce, “Haba ranka ya daɗe, ni ne fa.” Har cikin raina na ji haushin ya ma tuna mini.

Kuskurena na farko ko kama da kuskure bai yi mini ba a lokacin. So nake kawai in san mai rubutun nan. Tsoho ne ko yaro? A ina ya yi karatu, wa ya koya masa lanƙwasa wutsiyar nan? Abin ya tsaya mini a rai kwana da kwanaki. Da na je Kwanar Dangora sayen masara, sai na tarar mai awon ɗan ƙauyen ne. Yana cika mini buhu na ce, “Af, ka san wani Malam Idi a garinku?” Ya tsayar da kwanon awo ya dube ni, ya ce, “Na san shi mana. Lafiya?” Na ce, “Lafiya lau, tambaya ce kawai.” Ya ce, “To, madalla.” Ya ci gaba da awonsa, ni kuwa na taho ina jin ban faɗi komai ba.

Yanzu ki duba da kyau. Akawun sakatariya, wanda kowa ya san inda yake aiki, yana cigiyar malamin ƙauye da bai taɓa gani ba. Me ya rage a faɗa? Saboda haka, Ummi, idan takarda ta shigo hannunki kada ki tambayi kowa komai a kan mai ita, ko da tambayar ta yi miki kama da hira. Mutanenmu ba sa barin tambaya ta wuce haka nan, sai sun bi ta sun ga inda ta fito. In son sani ya ciyo ki, ki tashi ki sha ruwa ki dawo, zai lafa.

Na biyu kuwa da alfahari na yi shi. An ce a ba Garba takardar tuhuma ya kare kansa, Oga ya ce a haɗa masa da abin da aka rubuto don kada ya ce ƙage ne. Ga wadda na buga da boko a cikin fayil, ba suna, ba komai, ita ya kamata in haɗa. Amma sai na ga ai ta asali ta fi ƙarfi. Na yanki guntun takarda na liƙe a kan sunan Malam Idi da sa hannunsa, na kai shagon fotokofi saboda injin ofis ya daɗe da mutuwa, na tsaya a kan mai shagon har ya gama, na ƙirga takarduna, na karɓe har wadda ta fito ba kyau. Da na dawo na ɗaga kwafin a hasken taga, sunan bai fito ba ko kaɗan. Wallahi ranar nan ji nake duk jihar Kano babu akawu mai dabarata.

Na rufe suna, na bar rubutu. Mutumin da ya shekara da shekaru yana rubuta wa yaran gari allo, yana rubuta wa iyayensu wasiƙa da takardar gado, wane gida ne a ƙauyen nan ba a san hannunsa ba? Ni da na kwana ina sha'awar wutsiyar haruffan nan, ni ne ban yi tunanin wani ma zai gane ta ba. Har yau ina mamakin yadda kaina ya toshe a daidai wurin. To ke ki sani, ba suna kaɗai ke nuna mutum ba. Rubutunsa yana nuna shi, salon maganarsa yana nuna shi, haka ma in ya ce “ranar da na kawo matata” ko “ni da nake maƙwabtaka da asibitin”. Kafin takarda ta bar teburinki, ki karanta ta kamar ke ce wanda aka kai ƙara, kina neman wanda ya kai ki. In kin gano shi, to a sake bugawa. Ku yanzu ma abinku ya fi namu haɗari, ga waya a hannun kowa. Kada ki ɗauki hoton takardar ƙorafi da wayarki ko da Oga ne ya ce ki turo masa, ki ce za ki kawo da hannunki.

Na uku shi ne wanda in na tuna nake jin kamar in nutse. An yi rasuwa a wani gari kusa da su, muka je ta'aziyya. Muna zaune a kan tabarma aka ce ga Malam Idi nan. Na ɗaga kai da sauri. Ashe ɗan siririn mutum ne mai furfura kaɗan a gemu, yatsunsa duk tabon tawada. Daɗi ya kama ni kamar na ga ɗan'uwan da ya daɗe a tafiya. Da aka shafa fatiha ana gaisawa, na kama hannunsa da hannu biyu na ƙi saki, na sunkuya na ce, “Allah gafarta Malam, saƙo ya iso, ana kan aiki.” A ganina a hankali na faɗa, kuma a ganina kirki na yi, na kwantar wa dattijo da hankali. Ya zare hannunsa, ya ce, “Allah Ya jiƙan musulmi,” ya juya. A bayansa akwai mutum uku 'yan garinsu suna neman takalmansu.

Mun taso an koya mana in ka san mutum ka nuna ka san shi, in ya aiko ka ce aike ya iso. Tarbiyya ce mai kyau, amma a aikin nan sai kin danne ta. Wanda ya kawo ƙorafi, in kun haɗu a kasuwa ko a gidan biki, ki gaishe shi daidai yadda za ki gai da wanda ke kusa da shi, kada ki ƙara ko murmushi. Zai iya jin kamar kin share shi. Gara ya ji haka ya koma gida lafiya.

Ba a yi wata guda ba ƙauyen ya ɗauka. Aka zo bincike, aka ɗauke Garba aka kai shi wani wuri, aka ce za a turo wani. Ba a turo ba sai bayan damina biyu. Asibitin da ake kullewa rana ɗaya a mako ya koma a kulle kullum, kuma kowa ya san wa zai zarga. Aka ce Malam Idi ya kore musu likita. Dagaci ya daina amsa masa gaisuwa. Iyaye suka janye 'ya'yansu daga makarantarsa ɗaya bayan ɗaya, har ya zama in ya fito da safe allunan ne kawai a jingine a zaure. Daga baya na ji ya bar wa ƙanensa gona, ya kwashe iyalinsa ya bar gidan da aka haife shi.

Da labarin ya iso ni, kin san abin da na yi? Na zo gida na tsare mahaifiyarki. Na taɓa ce mata an kawo wata takarda mai kyan rubutu, ban faɗi suna ba, sai na ce lallai ita ta kai maganar gidan suna. Tana tankaɗe ta ajiye rariya, ta ce, “Malam, ni ka gaya mini sunansa?” Na ce a'a. “Ka gaya mini garinsu?” Na ce a'a. Ta ce, “To ni da ban san kowa ba na tona, kai da ka san komai ka rufe? Zauna ka ba ni labarin tun daga farko, mu nemo ɓarawon tare.” Ina ba ta labari tana ƙirgawa da yatsa, mai awo, fotokofi, gidan rasuwa. Da ta kai yatsa na uku ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da aikinta. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba. Ke dai kada ki kai maganar ofis gida ko da ba suna, ko wurin maigidanki ne, don ranar da ta fita za ki fara zargin wanda bai ji ba bai gani ba.

Shi ma Garba na ci haƙƙinsa, kada in manta. Tun kafin a bincika na riga na yanke masa hukunci a raina, in an ambace shi a ofis sai in taɓe baki, kuma taɓe bakin akawun da ke riƙe da fayil magana ce. Da aka bincika, gaskiya ne yana kulle asibitin. Amma ranar kasuwa ce kaɗai mota ke shiga ƙauyen, ita yake bi ya karɓo magani, sai dai in ya fita yakan tsaya harkokinsa har yamma. Laifi ne, amma bai kai abin da aka yi ta yaɗawa a kansa ba, har da cewa sayar da maganin yake yi. Wanda aka kawo ƙararsa shi ma yana da mata da 'ya'ya da surukai. Ki rufa masa asiri kamar yadda za ki rufa wa mai ƙarar, har masu bincike su gama aikinsu.

Shekarun nan duka tambaya ɗaya ta ƙi barina: ta wace kafa maganar ta fita? Na fi zargin fotokofin. Na ce Garba ya gane rubutun, ya kai wa dagaci, shi ke nan. Har wani sauƙi nake ji da wannan lissafi, don in haka ne da ni da Garba muka raba laifin. Na sha yin niyyar in nemi Malam Idi, kunya ta hana ni. Sai da kika samu aikin nan na ga ba ni da sauran uzuri, don ba zan ba ki labarin mutum ban nemi izininsa ba. Makon jiya na hau mota, na sauka na hau acaɓa, na yi ta tambaya har aka nuna mini zaurensa.

Ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi rauni, amma ina yin sallama ya ce, “Akawu ne? Shigo, saƙo ya iso.” Ya yi dariya har da tari. Na durƙusa na nemi gafara, ya ce ya yafe tun tuni, in tashi in zauna kada in sa shi kunya. Aka kawo fura muka sha. Na yi ta juya ludayi, na kasa haƙuri, na ce, “Allah gafarta Malam, Garba ne ya kai wa dagaci takardar, ko?”

Ya girgiza kai. Ya ce, “Garba ai ɗalibina ne, a zaurena ya yi karatu. Ranar da aka ba shi takardar, da la'asar ya zo mini da ita. Ya zauna a inda yake zama yana yaro, ya ce, ‘Malam, da rubutun nan na koyi baƙi, ko a mafarki na gan shi zan gane.’ Na ce ni ne, kuma abin da na rubuta gaskiya ne. Ya ce gaskiya ne. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, har ya bar garin bai gaya wa kowa ba, ko baffansa dagaci.”

Na ce, “To ta ina aka ji?”

Ya ce, “Mai awo ya dawo daga kasuwa yana cewa akawun sakatariya yana cigiyata, aka yi ta tunanin me na yi. Da kuma ka riƙe mini hannu a gidan rasuwa, sai aka daina tunani.”

Ummi, kin ji fa. Yaron da na taɓe wa baki, wanda aikinsa ke kan siraɗi, shi ya riƙe sirrin. Ni da aka ba amana, ana biyana albashi a kanta, na zubar da ita da tambaya ɗaya da gaisuwa ɗaya.

Na tambaye shi ko ya sake rubuta wa hukuma wani abu tun daga nan. Ya ce ko sau ɗaya. Ya ce a garin da yake yanzu an zo masa sau biyu a kan wani ma'aikaci da ke wulaƙanta mata masu zuwa awon ciki, aka roƙe shi ya rubuta, ya ce hannunsa na ciwo. Sannan ya ce, “Wannan kam yana damuna. Ban san abin da ya samu matan nan ba.” Ni ma ban sani ba, kuma tun da na dawo nake tunaninsu. A da ina ɗauka mutum ɗaya na cuta.

Da zan tafi na gaya masa abin da ya kawo ni, na ce 'yata ce aka ba irin teburina, ina son in ba ta labarin. Ya daɗe yana murza gemu. Ya ce, “Ba ta. Amma ban da sunana. Mu gani ko wannan karon za ka iya.”

To, Ummi, ba Idi ne sunansa ba. Garba ma ba Garba ba ne. Ban faɗa miki ƙauyen ba, ban faɗa miki sakatariyar ba, na kuma sauya wasu abubuwa biyu da ba zan gaya miki ko waɗanne ba ne. Na karanta wasiƙar nan sau uku ina neman inda za a gane shi, kamar yadda na ce ki riƙa yi. Na san ki sarai, tun daga tsakiyar takardar nan kike lissafin garuruwan da na yi aiki, kina cewa in kin zo hutu za ki lallaɓa mahaifiyarki. Kada ki wahalar da kanki, ita ma har yau ba ta san sunan ba. Wannan ƙaiƙayin da kike ji yanzu, shi na ji a gaban mai awo. Ki saba da shi tun yau, don zai riƙa zuwa miki duk ranar da aka ajiye ambulan a gabanki.

Allah Ya tsare ki, Ya tsare harshenki da fuskarki, Ya sa mutane su kawo kukansu teburinki su koma gida su yi barci. Allah Ya ba ki shugabanni masu adalci, Ya raba ki da abin kunya, Ya dawo mana da ku lafiya. Ki gai da maigidanki da kyau.

In kin zo, ki tambaye ni duk abin da kike so, har da inda mai labarai yake zaune a cikin rediyo. Sunan nan ne kawai ba za ki ji a bakina ba, da shi za a binne ni in Allah Ya yarda.

Wassalam.

Mahaifinki.